Hoton 'Yan Bugu

Ni dai na buɗi ido na tarar gidanmu gidan noma ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya ratsa ta bayan gari, da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir. Amma tun ina yaro nake jin ana cewa asalinmu ba manoma ba ne, mutanen karofi ne daga cikin garin Kura. Kakana na wajen uba, in ji su, rini yake yi, irin baƙin yadin nan mai ƙyalli da Buzaye suke naɗawa a ka. Ban riske shi ba. Sunansa kawai aka sa mini, shi ya sa Goggo, yayar mahaifina, ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Babana.

Ban taɓa bin diddigin wannan magana ba sai shekarar da aka yi wa mahaifina aikin ido. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ya daɗe ba ya gane mutum sai da murya. Da aka cire masa ita, sai ya koma kamar baƙo a gidansa, komai ya gani sai ya tsaya ya ƙare masa kallo. Har ni sai da ya kalle ni ya ce ashe haka na yi furfura.

Ranar da za mu koma asibiti cikin Kano a duba aikin, Goggo ta taso daga Bunkure ta ce da ita za a je. Likita ya haska idon, ya ce komai lafiya. Muna fitowa bakin titi sai Baba ya tsaya cak.

"Kai ni karofin birni," ya ce.

"Baba, rana ta take, ga Goggo da ciwon gwiwa."

"Gwiwata ta kawo maka ƙara ne?" in ji Goggo. "Tare mana abin hawa."

A cikin adaidaita sahu Baba ya ba ni dalilinsa. Ya ce yana ɗan saurayi yakan raka mahaifinsu birni da jakuna, su kai kaya kasuwar Kurmi, kuma ba sa wucewa sai sun yada zango a karofin Ƙofar Mata, don tsohon yana da abokai a can. Ya ce tun da ya kama noman rani bai sake leƙawa ba. Yana so ya gani da wannan sabon idon.

Ɗan adaidaitan ya san hanya sarai, amma Baba ya ce shi zai nuna.

"In ka kai kukar nan sai ka yi dama."

"Wace kuka, Baba?"

"Wadda ke bakin kududdufi mana."

Babu kuka, babu kududdufi, sai jerin shaguna hawa biyu da masu sayar da kayan waya. Baba ya ce to a bi jikin badala, wato ganuwar birni, ita ba ta ɓata. Muka bi. Ganuwar ta ɗan bayyana, jar ƙasa ta zaizaye kamar tsohon suri, can kuma ta nutse cikin gidaje, ba mu sake ganinta ba. Goggo ta ce ita a saninta ma ba ta wannan gefen ake shiga ba. Baba ya ce ita da ba ta taɓa zuwa ba ina ta sani. Ta ce ta zo, a goye. Suna wannan sai ga mu mun sake dawowa ƙarƙashin wata gadar sama da muka wuce ɗazu. Na matsa kusa da direban na raɗa masa ya bi inda ya sani.

Da ya sauke mu a bakin ƙofar, Baba ya ɗaga kai ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ba ita ba ce. Wadda ya sani ta ƙasa ce, matsattsiya, jaki da kaya sai ya goga jikinta. Wannan kuwa siminti ce, motoci na wucewa ta cikinta. Wani mai sayar da lemo ya ce ai ita ce, sake gina ta aka yi.

"To in an rushe ta an gina wata, ita ce ko ba ita ba ce?" in ji Baba.

Mai lemon ya yi dariya ya ci gaba da ferewa.

Wari ne ya shawo kansa. Muna shiga farfajiyar karofin wani tsamin wari na toka da jiƙaƙƙen ganyen baba na rini ya tare mu, sai na ga Baba ya rage sauri, ya ce, "Nan ne." Ramuka ne reras a ƙasa kamar bakunan rijiyoyi, da yawansu a bushe, wasu an kifa musu murfin saƙa, kaɗan ne ke da ruwa, baƙi wuluk da kumfa a sama. Wani dattijo yana zaune a bakin ɗaya yana tsoma yadi yana ɗagawa, hannunsa shuɗi har gwiwa. Wani magidanci mai zagayawa da baƙi ya taso ya tare mu, ya fara bayani kamar karatu: wurin nan ya yi shekaru ɗaruruwa, fatake daga sahara nan suke zuwa, unguwannin da ke kewaye kowace da sana'arta, nan marina, can dukawa, gaba maƙera, duk kuma Kurmi suke kai kaya.

Baba ya katse shi. "Yaro, rinin da ake ji da shi ai na Kura ne. Ku nan ba ku taɓa kamo ƙafarmu a ƙyalli ba."

Na san ya shirya wa musu, don har ya gyara tsayuwa. Sai mutumin ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Har gobe in Buzu ya zo ɗan Kura yake tambaya."  Baba ya dube ni kamar ni na ƙwace masa maganar.

Mutumin ya ce tunda mu mutanen Kura ne bari ya nuna mana wajen 'yan bugu, masu dukan yadi da guduman itace har ya yi sheƙi. Muka bi shi cikin lungu, muna jin ƙarar bugun tun daga nesa, tim-tam, tim-tam, kamar ana daka a turmi biyu. Kusa da ɗakin bugun akwai wani ɗan shago na mai sayar da rinannun yaduka da jakunkunan fata. Goggo ta roƙi benci ta zauna a ciki saboda gwiwarta. A bangon shagon an manna tsofaffin hotuna marasa launi: ƙofar gari, ayarin raƙuma, dutsen Dala babu gidaje a gindinsa. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sabon idonsa. A kan wani ya tsaya, ya daɗe bai motsa ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "taso ki ga Baba."

Hoton wasu mutane ne zaune a ƙasa sun sa gungumen itace a tsakiya, kowa da gudumarsa, yadi a shimfiɗe. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago kai yana kallon mai ɗaukar hoton, siriri, mai dogon wuya, da 'yar hula a ƙeya. Bayansu katangar ƙasa ce da reshen wata bishiya.

Goggo ta taso tana dafa bango. Ta kai fuskarta daf da hoton, ta ja baya, ta sake matsawa.

"Ba shi ba ne."

"Shi ne. Dubi wuyan."

"Wuya kowa da nasa. Babanmu bahago ne, wannan da dama ya riƙe guduma. Kuma yaushe Babanmu ya yi bugu? Marini ne."

"Ya yi bugu kafin a haife ki."

"Kafin a haife ni, kai kana ina?"

Mai shagon, wani mai fara'a da carbi a hannu, ya sa baki. Ya ce maganar hagu da dama kada ta dame mu, masu wanke hoto sukan juya shi, dama ta koma hagu. Na tambaye shi a ina aka ɗauki hoton. Ya ce wallahi bai sani ba, daga jikin wata tsohuwar kalanda ya yanko shi, wasu sun ce nan birni ne, wasu sun ce Kura. Sannan ya ƙara da abin da ya dagula mini lissafi gaba ɗaya. Ya ce ba mu ne farkon masu wannan mutumin ba. Kwanakin baya wani Alhaji daga Dawakin Kudu ya tsaya a nan ya yi hawaye, ya rantse kakansa ne. Akwai kuma wata mata da ta ce mijin innarta ne.

Baba bai ji daɗin wannan ba. Ya ce mutum dai ya san ubansa. Sai Goggo ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta dubi hoton, ta dube ni.

"Babana, ɗaga kanka. Kalli can."

Na ɗaga. Mai shagon da mai zagayawa da mu suka matso su ma suna dubawa. Ɗaya ya ce goshin iri ɗaya ne, ɗayan ya ce shi kunnen ya fi gani. Ina tsaye a tsakiyar shago da haɓa a hannun Goggo, ana gwada ni da mutumin da ban san ko na haɗa jini da shi ba. Na dubi hoton ina neman kaina a ciki. Wani lokaci sai in ga kamar ni ne, in na ƙifta ido kuma sai in ga baƙo. Na ciro waya na ɗauke shi, muka yi sallama.

Muka hau motar Kura har muka wuce Kumbotso. Can sai Goggo ta yi ajiyar zuciya.

"Ka san kuwa, hular nan irin tasa ce. Haka yake tura ta ƙeya in zafi ya dame shi. Ina jin shi ne."

Baba yana kallon gonaki ta taga, bai juyo ba. "Ba shi ba ne," ya ce. "Na tuna, Baba yana da tsaga a kumatu. Wannan fuskarsa sumul take."

"Tsaga kuma? Kawu ne mai tsaga."

Na dube shi na dube ta. Ban san lokacin da suka yi musayar wuri ba. Da farko na ɗauka zolayata suke, amma babu mai murmushi a cikinsu.

Maganar ta ƙi barina. Ina ban ruwa a gona sai in ciro waya in buɗe hoton. Na nuna wa matata, ta ce ita dai ta ga mutum. Daga ƙarshe na yanke shawarar mu je cikin Kura, unguwar karofi, inda gidanmu na asali yake, ko a sami katangar nan da bishiyar, ko wani tsoho da zai raba gardama. Abin kunya, Kura nan kusa da mu, ina shiga kusan kullum kai shinkafa inji ko sayen taki, amma ban taɓa taka wannan unguwar da niyya ba.

Muka je da hantsi, mu uku. Titin shiga gari cike da buhuna, injinan casa na ta ruri, mata sun baza turararriyar shinkafa a kan tamfol tana shan rana. Muka kutsa cikin tsohon gari. Baba yana gaba da sandarsa, ya kai mu wani fili da aka kewaye da bulo, an tara buntun shinkafa a ciki kamar tudu. Ya ce ramukan gidanmu a ƙarƙashin nan suke. Goggo ta ce sam, nasu suna gabas da masallaci, tana tunawa don in ta kai wa mahaifinsu fura rana tana dukan fuskarta. Baba ya ce masallacin ne aka matsar. Wani mai wucewa ya ce masallacin bai taɓa motsawa ba, amma da can akwai wani ƙarami da ya rushe. Aka rasa wanne Goggo take nufi, ita ma da aka matsa mata sai ta ce ba ta da tabbas.

Mun dai ga ramuka. Wasu a bayan wani gida, an cike su da shara, baki kawai ya rage, da'ira-da'ira a ƙasa, awaki na tsallakawa. Na tsuguna na taɓa bakin ɗaya. Sumul yake, da tauri kamar dutse, da ɗan shuɗi-shuɗi a cikin tsagar. Na so in ji wani abu a raina, amma ban san ko namu ba ne ko na maƙwabta, sai na rasa abin da zan ji.

Aka nuna mana wani zaure inda har yanzu ake bugu. Mutum biyu ne a ciki suna aiki, jikinsu duk ya yi shuni, ga wani tsoho tukuf a gefe kan buzu, wanda aka ce a wannan sana'ar ya tsufa. Baba ya gaishe shi, ya faɗi sunan mahaifinsu da na gidansu. Tsohon ya jujjuya sunan a baki, can ya ce ya san shi, ƙwarai kuwa, dogo ne mai yawan barkwanci.

"Bai cika magana ba dai," in ji Goggo.

"To, ko ƙanensa nake nufi. Amma ai gidanku ba marina ba ne. Masaƙa ne. Ku kuke saƙo ƙyallen, mu mu rina mu buga."

Baba ya ce ina, shi da idonsa ya ga hannun mahaifinsa shuɗi. Tsohon ya ce a garin nan a wancan zamani wa ke da farin hannu? Ko liman in ya gaisa da jama'a sai ya koma gida da shuni. Na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa, ya kawo ta kusa, ya ce idonsa ba ya kai wa nan. Ɗaya daga masu bugun ya karɓa ya duba, ya ce wannan zaman dai irin na Kura ne, mutanen birni ba haka suke harɗe ƙafa ba. Ɗayan ya leƙo ya ce katangar kuma ta birni ce.

Tun da baki ya buɗe, sai na yi tambayar da ban taɓa yi ba: me ya fitar da mu daga wannan unguwa? Baba ya ce ruwan madatsar Tiga ne, da aka haƙa kanal aka ga noman rani ya fi rini albarka, sai mahaifinsu ya kwashe iyalinsa ya koma gona. Goggo ta ce ba haka ba ne, sun tashi tun kafin ruwa ya zo, shekarar da fari ya kashe wa Buzaye dabbobi suka daina zuwa sayen kaya. Tsohon kan buzu ya ce shi abin da ya ji, saɓani aka yi tsakanin wa da ƙane a kan ramuka, ɗaya ya yi fushi ya bar gari. Goggo ta ce in masaƙa ne su, me ya haɗa su da ramuka? Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce wannan kuma gaskiyarki, Hajiya.

Muka fito ba mu ƙaru da komai ba sai ƙarin tambaya. Na shiga da kaka marini, na fito da marini ko mabugi ko masaƙi, mai surutu ko shiru-shiru, mai tsaga ko marar tsaga. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne su biyun ba su damu kamar ni ba. A hanya har sun koma hirar wata 'yar uwarsu da ta haihu a Madobi. Na sayo musu rake, muka raka Goggo tasha.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina shirin fita gona, Baba ya kira ni daga zaure. Ya ce in buɗe masa hoton nan. Na buɗe, na ja fuskar mai dogon wuyan ta cika wayar, duk ta farfashe ta zama dishi-dishi.

"Ba wannan ba. Mayar da shi yadda yake. Matsa gefe."

A can ƙarshen hoton akwai wani da ya ba da baya, rabin jikinsa ma bai shiga ba. Kafaɗa ɗaya ce, da ƙeya, da hannu a sama riƙe da guduma. Ban taɓa kula da shi ba.

"Wannan ne," in ji Baba. "Haka na fi saninsa. Kullum ina bayansa, shi yana gaba yana kora jaki."

Na kira wayar jikan Goggo na ce a kai mata. Na gaya mata abin da Baba ya ce, na kwatanta mata mutumin. Sai ta tambaye ni:

"Da wane hannu ya ɗaga gudumar?"

Na duba. Na juya wayar, na gwada da nawa hannun, na tuna kuma maganar mai shago cewa ana juya hoto. Na ce mata ban iya ganewa ba.

"To ka ce masa na yarda," ta ce. "Wa zai yi musu a kan ƙeya?"

Na gaya wa Baba. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini wayar, ya ce in hanzarta kada a rufe ruwa ban shayar da alkamar ba. Na saɓi fartanya na fita. Hoton yana nan a wayata har yau. In wani ya tambaye ni wane ne a ciki, nakan ce 'yan bugu ne, a birni ko a Kura, kuma mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu kakana ne.